Tayar da za ta kai ka Maiduguri a watan Afrilu

Daga Kano zuwa Maiduguri, idan aka bi ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, tafiya ce ta sama da kilomita 550. Wanda ya bi hanyar nan tsakanin Maris da Mayu ya san yadda ɓarɓashin taya yake warwatse a gefen titi, wani har da wayoyi tsirara a jikinsa. Da yawa daga cikin tayoyin nan ba ƙusa ce ta huda su ba, zafi ne ya dafa su daga ciki har suka tarwatse. A watannin nan zafin gari a Yobe da Borno yakan haura digiri 40, ita kuwa kwalta da tsakar rana takan kai 60 ko fiye.

Amma zafin kwalta kaɗai ba ya fasa taya mai lafiya. Taya roba ce da aka manne da zare da wayoyin ƙarfe hawa-hawa, kuma duk juyi ɗaya sai gefenta ya lanƙwashe ya sake miƙewa. Tayar ƙaramar mota irin Corolla, idan ana gudun kilomita 100, tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda. Wannan lanƙwasar ce ke haifar da zafi a cikin jikin robar. Ƙarancin iska yana ƙara shi, lodi yana ƙara shi, gudu ma haka, kuma tsohuwar roba ba ta iya jure shi. Idan ya yi yawa sai mannin da ke riƙe da wayoyin ya saki, fatar sama ta ɗaye. Shi ya sa zurfin zane, wanda shi ne abin da yawancinmu muke dubawa a kasuwa, ba shi ne abin farko ba.

Abin farko shi ne shekarun tayar. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa kuma lambobi huɗu, galibi cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Wani lokaci lambar tana gefe ɗaya ne kawai, don haka a juya tayar a duba ɗaya gefen. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Kamfanoni irin Michelin suna cewa a riƙa kai ta dubawa duk shekara idan ta kai biyar, kuma kada a wuce goma komai kyanta. A ganina, ga motar da ke kwana a waje tana shan ranar Sakkwato ko ta Nguru, lissafin hukumar ya fi kusa da gaskiya, musamman idan motar tana doguwar tafiya. Ka shafa wurin lambar da yatsa. Idan ka ji alamar an kankare ko an sake bugawa, ka bar tayar nan komai arharta. Haka idan ka ga ƙananan tsaga kamar faso a gefe ko a cikin kwarin zanen.

Sai maganar tokumbo, kuma a nan ne aka fi cutuwa. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙira a Legas bayan nan da kaɗan, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, sabuwa da tsohuwa. A cikin tsofaffin akwai tayoyin sanyi masu yawan gaske, waɗanda aka yi don ƙanƙarar Jamus, Ostiriya da Kanada. Dalilin yawansu a fili yake: a Ostiriya, alal misali, doka ba ta lissafa taya a matsayin ta sanyi idan zanenta ya gaza milimita 4, don haka mutanen can suna cire ta alhali a idonmu kamar ba a taɓa hawa ba. Sai ta iso kasuwa da zane mai zurfi, mai saye ya ga ya yi tsintuwa. Robarta kuwa an haɗa ta ne don ta yi laushi a ƙasa da digiri 7. Ɗora ta a kan kwaltar Damaturu sai ta yi lagwab, ta cinye da wuri, birki ya yi nisa kafin ya tsayar da mota, sitiyari ya riƙa yawo a kwana.

Gane ta ba wuya. A gefenta akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a tsakiya. Zanenta cike yake da siraran tsaga masu zigzag, kuma idan ka danna da farce za ka ji ya fi na sauran laushi. Sunayen ma suna tona ta: Blizzak, Alpin, X-Ice, WinterContact, Hakkapeliitta, ko duk wadda aka rubuta Winter ko Snow a jikinta. Rubutun M+S shi kaɗai ba hujja ba ce, don yana jikin tayoyin kowane yanayi da na motocin jeji da yawa. A tayoyi da dama kuma za ka ga kalmar TEMPERATURE da harafi a gabanta, A ko B ko C. Wannan matakin jure zafi ne, A ya fi. Don doguwar tafiya a bazara ka nemi A, ka haƙura da B idan babu, ka bar C. Gaskiya dai sabuwar taya mai matsakaicin kuɗi, wadda aka yi bara, ta fi tokumbo mai babban suna da ta shekara bakwai. Tokumbo ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ba. Akwai kuma wadda aka sake sassaƙa mata zane da wuƙa mai zafi. Ita kwarin zanenta ba ya zama sumul, kuma babu ɗan tudun da kamfani ke bari a cikin kwari don nuna iyakar suɗewar zane.

Bayan shekaru sai lodi. Ɗauki rubutu irin 195/65R15 91H. Faɗin taya milimita 195, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15. Mutane suna haddace wannan su manta da ƙarshen, alhali 91 ɗin nan yana nufin taya ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kilo 615, H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 ba. Lamba 95 kilo 690 ce, T kilomita 190, V 240. Yi lissafi da kanka: tayoyin baya biyu masu 91 iyakarsu kilo 1,230, kuma sai suna cike da iska yadda ya kamata. Bayan motar da kansa ya cinye kusan 500. Zuba mutum huɗu a kujerar baya, ka ɗora buhun masara uku a but, ka ga abin da ya rage. Shi ya sa a motocin haya tayar baya ce ta fi fashewa. Motar Sharon tana buƙatar taya mai ƙarin ƙarfi, wadda aka rubuta XL ko Reinforced a jikinta. Bas ɗin Homa kuwa tayar da ke da harafin C take so, irin 195R15C, wadda ke ɗaukar kilo 900 zuwa 950. Sa wa bas mai mutum 18 tayar ƙaramar mota don kawai ta shiga rim ganganci ne da rayukan mutane.

Iska ita ce abin da ba ya cin kuɗi amma aka fi sakaci da shi. Adadin da motarka ke so yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙarfen ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai. A ƙananan motoci yakan kama daga 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI, kuma sau da yawa akwai adadi na biyu, mafi yawa, na lokacin da mota ke cike da lodi. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a ba ta ba. Masu faci da yawa suna bugawa har 45 ko 50, su ƙwanƙwasa da sifana su ce ta yi. Tayar da iska ya yi wa yawa tana cinyewa ta tsakiya, ba ta kama ƙasa sosai, kuma ramin farko mai kaifin baki yana iya tsinka zarenta. Wadda iska ya yi wa kaɗan ita ce mai dafuwa. Ka sayi gejinka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ta motsa. Idan ka tsaya a Azare ka ga iskan ya ƙaru da 4 ko 5, daidai ne, kada ka sace shi. Wasu direbobi suna rage iska a hanya wai don kada zafi ya fasa taya, ba su san sun ƙara mata lanƙwasa ba ne, wato sun ƙara mata zafin da suke gudu.

A bazara ka yi sammako, ka cinye mafi yawan hanya kafin azahar. Ka tsaya duk bayan awa biyu ka zaga motar, ka ɗora bayan hannu a gefen kowace taya. Dukkansu za su yi ɗumi, amma idan ɗaya ta fi sauran zafi sosai, ko tana sacewa ne ko birkin ƙafar yana riƙewa. Idan ka ga kumburi a gefe, zaren ciki ya riga ya tsinke. Ba a faci a gefen taya, ba a kuma gyara hujin da ya wuce milimita 6, kuma zura tub a ciki ba ya mayar da zaren da ya tsinke. Safaya ma a auna ta, don ita ce aka fi samu a kwance ranar da ake bukatarta.

Idan kuma ta fashe ana cikin gudu, ƙafa za ta so ta tafi birki da kanta, kuma wannan ne ke kifar da mota. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsayar da motar a kan layinta, ka sassauta totur sannu a hankali. Sai gudun ya sauka ƙasa da kilomita 50 sannan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan ka gangara gefe.

Da damina ta sauka, zanen da muka ce ba shi ne farko ba sai ya zama shi ne komai. Aikin kwarin zane shi ne kore ruwa daga ƙarƙashin taya. A cikinsa akwai ɗan tudu mai tsayin milimita 1.6, idan zane ya suɗe ya yi daidai da shi, taya ta ƙare. Amma ga irin ruwan Agusta kada ka jira haka, daga milimita 3 kamun ƙasa ya riga ya ragu sosai. Idan ruwa ya fi ƙarfin zanen, taya takan hau kansa, ka ji sitiyari ya yi sakayau, injin ya yi kuka ba tare da motar ta ja ba. A nan ma babu birki, babu murɗa sitiyari, ɗaga ƙafa kawai za ka yi har ka ji ta sake taka ƙasa. Ruwan farko ya fi kowanne santsi, don yana tayar da man inji da gas da ƙurar da suka taru a kwalta wata shida. Kuma idan taya biyu kawai kuɗinka ya kai, ka sa sababbin a baya, ko da motar da ƙafar gaba take ja. Na san direbobi da yawa ba sa yarda da wannan. Dalilin shi ne idan gaba ya zame kana ji a sitiyari kana iya gyarawa, idan baya ya zame motar juyawa take yi ta fuskanci inda ka fito.

Ruwan da ya kwanta a titi wata magana ce daban. A daminar 2024 ambaliya ta yanke wannan hanya ta Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi, kuma irin haka yakan faro ne daga kwalbatin da ruwa ya rarake ƙarƙashinsa alhali sama tana nan kamar lafiya. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Idan ba ka ganin ƙasa, ka jira babbar mota ta wuce ka ga inda ya kama ta. In ya wuce tsakiyar ƙafar motarka, kada ka shiga. In za ka shiga, giya ɗaya, a hankali, ba tsayawa, kuma kada ku gitta da wata mota a ciki, don igiyar ruwanta tana iya shiga bututun da injinka ke shaƙar iska. Idan mota ta mutu a cikin ruwa kada ka sake tayar da ita. Ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, ƙarfen fistin ne zai lanƙwashe, a wayi gari ana maganar sauke inji. Bayan ka fita ka taka birki a hankali sau uku ko huɗu don ya bushe.

Hunturu bai cika wahalar da taya ba, ido yake wahalarwa. A cikin hazo mai kauri ƙaramar fitila ake kunnawa, don babbar tana bugun ƙura ta dawo maka fuska. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa, to idan ganinka bai wuce mita 50 ba, tirelar da ta lalace a gabanka ba ta ba ka ko daƙiƙa biyu ba. Ka sauko 50 ko ƙasa da haka. Kada ka kunna waifa a busasshen gilashi mai ƙura, karce shi zai yi, ka fara fesa ruwa. Ka ciro matatar iskar inji ka kakkaɓe ta duk mako biyu. Sannan ka tuna iskan taya yana raguwa da kusan 1 duk lokacin da sanyi ya sauko da digiri 5 ko 6, don haka tayar da aka buga wa 32 da rana a Oktoba tana iya nuna 28 da asubahin Janairu ba tare da wani huji ba. Ka ƙara mata ta koma adadin da ke jikin ƙofa kafin ka hau hanya.