Rakun a Amurka, gafiya a Maradi

Rakun dabba ce ta Arewacin Amurka wadda ba mu da ita a ƙasar Hausa. Ta ɗan fi kyanwa girma, tana da baƙi a kewayen idanu, kuma da dare take yawo. Da yatsu biyar na ƙafafunta na gaba take buɗe kwandon shara, ta ɓalle rufin gida ta haihu a ciki, ta shiga gonar masara ko akurkin kaji ta yi ɓarna, ga shi kuma tana yaɗa cutar haukan kare. A 1934 aka saki wasu a bakin tafkin Edersee na Jamus, suka yi ta hayayyafa, har Tarayyar Turai ta sa su cikin jerin baƙin dabbobi masu cutarwa a 2016.

Masu fama da ita sun gane cewa tarko kaɗai ba ya magani, domin idan aka kama ɗaya alhali abinci yana nan a buɗe, wata ce za ta zo. Shi ya sa birnin Toronto na Kanada ya raba kwandunan shara masu murfin da sai an murɗa yake buɗewa (ko da yake an samu masu wayon da suka buɗe), masu gidaje suna toshe kafofi da ragar ƙarfe, manoma kuwa suna kewaye masara da wayar lantarki.

A Maradi gafiya da ɓera ne ke yi mana wannan ɓarna, amma da zarar an ga alamarsu sai a nufi kasuwa sayen guba, wadda sau da yawa kaji ke riga ɓeran ci, balle a ce yaro ya tsinta. A ganina kakanninmu sun fi mu dabara da suka ɗora rumbu bisa duwatsu. Buhun ajiyar wake mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na INRAN (cibiyar binciken aikin gona ta Nijar) a nan Maradi suka yi aiki a kansa, yana kashe ƙwarin wake ne ta hanyar hana iska shiga, saboda haka huda ɗaya ta haƙorin ɓera ta isa ta lalata shi. Dole ne a jera buhunan bisa katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a share hatsin da ya zube, a kuma toshe ramin gafiya da siminti da tsakuwa, domin laka ba ta hana ta tono.