Kwana uku a cikin bangka, da tafkin da ba a shiga

Ƙarfe takwas na safe ta same ni tsaye a tashar jiragen ruwa ta garin Coron, rigar kariya ruwan lemo ɗaure a ƙirjina, ina kallon siririn katakon da ake takawa a shiga jirgi, gabana yana dukan uku-uku. Ban iya ruwa ba. Gara in faɗa tun yanzu, domin duk abin da zan ba ku labari, idon wanda bai iya ruwa ba ne ya gan shi, yana reto a saman teku riga na tallabe da shi.

Coron tana arewacin lardin Palawan a ƙasar Filifin, cikin rukunin tsibiran Calamian, tafiyar kusan awa guda daga Manila a jirgin sama. Sunan ma ya fara rikita ni: garin Coron a kan tsibirin Busuanga yake. Tsibirin Coron kuwa shi ne wancan da ake hangowa daga tasha, baƙaƙen duwatsu masu tsini sun miƙe daga cikin ruwa kamar an datsa su da wuƙa, bishiyoyi maƙale a jikinsu. Tafkunan da mutane ke tsallako duniya don su gani suna ɓoye ne a bayan waɗannan duwatsu.

Jirgin da ke kai mutum can sunansa bangka. Dogo ne siriri, na katako, an ɗaura masa gorori hagu da dama kamar fikafikai don kada ya kife. Injinsa yana da ƙara, har sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Duk ma'aikacin jirgin da ya girme ka, kuya ake ce masa, wato yaya, kuma kafin azahar bakina ya saba da kalmar.

Ranar farko na yi kuskure. Na biya kuɗin yawon taro wanda takardar tallarsa ta yi alkawarin wurare bakwai a yini guda, don na ɗauka yawan wurare shi ne riba. Mu kusan ashirin aka zuba a jirgi ɗaya. Ko'ina muka tsaya, kafin ƙafa ta gama jiƙewa an fara kiran a dawo. Muka isa tafkin Kayangan rana ta take, jirage sun yi sahu a bakin dutse, muka hau matakalar duwatsu muna haki, sai ga layi a sama: kowa na jiran ya tsaya a kan dutse ɗaya a ɗauke shi hoton da ya riga ya gani a intanet. A nan na gane cewa shahararren hoton nan da ake cewa Kayangan, mashigin tekun da jirage ke tsayawa ne. Tafkin kansa sai an gangara ɗaya ɓangaren. Na gangara, na shiga ruwan, ban yi minti goma sha biyar ba aka ce lokaci ya yi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a Siete Pecados ya faru, wasu ƙananan tsibirai bakwai kusa da gari waɗanda aka keɓe don kare halittun ruwa. A nan ne na fara sa fuskata cikin teku da tabarau da bututun numfashi. Kuya ya miƙo mini tayar ceto na riƙe, yana iyo yana ja na. Numfashin farko tsoro ne zalla. A na uku ko na huɗu sai idona ya buɗe. Ƙasa da ni akwai murjani iri-iri, wani kamar ƙahon barewa, wani shimfiɗe kamar faifai, wani dunƙule da zane irin na ƙwaƙwalwa. Kifaye shuɗaye ƙanana sun yi cincirindo a kan reshe guda, inuwata na giftawa suka shige tsakanin rassan gaba ɗaya, ta wuce suka fito. Ban taɓa sanin teku tana da sauti ba: wani ƙas-ƙas ne ba ƙaƙƙautawa, kamar ɗanyen itace a wuta. Wani kifi mai baki irin na aku yana gatsar dutsen, ina jin ƙarar haƙoransa a kunnena.

Ina cikin wannan ne wani daga cikin 'yan jirginmu ya gaji, ya sauke ƙafafunsa ya tsaya a kan murjanin yana gyara tabarau. A kan idona reshe ya ɓalle, ya gangara ƙasa, wurin da ya karye fari fat. Mai jagoran yawon ya gani bai ce uffan ba. Mutumin ba mugu ba ne, dutse ya ɗauka ya taka. Ba wanda ya gaya mana kafin mu shiga ruwa cewa murjani halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne dubbai ke gina shi a hankali, masu rassa su yi 'yan santimita a shekara, dunƙulallun kuma abin da bai fi santimita biyu ba. Launinsu ma daga wani gansakuka ne da ke zaune a jikinsu yana ciyar da su, idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kore shi su yi fari, in zafin ya daɗe su mutu. Tekun Palawan tana cikin yankin da kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in murjanin duniya suke. Bayanin da bai fi minti biyu ba ne, amma mai wurare bakwai a gabansa ba shi da minti biyu.

Da dare na kasa barci da wuri. Washegari na haɗu da wasu baƙi uku a masauki muka ɗauki hayar ƙaramin bangka namu na kanmu, muka ce wa matuƙin wurare uku kawai muke so, kuma mu tashi da sassafe.

Kayangan da safe wani wuri ne daban. Babu kowa sai mu da masu tsaron wurin. Ruwan ya kwanta, garau, har ina ganin duwatsun gefe sun ci gaba da gangarawa cikin ruwa tamkar katanga, tsini bayan tsini, har inda shuɗi ya haɗiye su. Na ɗanɗana shi: galibi ruwan daɗi ne, da ɗan gishiri kaɗan a bayan harshe, saboda teku na kutsowa ta ƙarƙashin dutse. Wasu kifaye sirara masu dogon baki suna shawagi dab da saman ruwa, ko a jikinsu. Na kwanta rigingine, kunnuwana a ruwa, na fi awa guda ban yi komai ba. Dokar wurin ita ce kowa ya sa rigar kariya ko da gwanin iyo ne, don haka a nan ni da gwanaye duk ɗaya muke.

A hanyar fita ne kuya ya yi mini bayanin kuɗin shiga da ake karɓa. Tsibirin Coron na mutanen Tagbanwa ne. A 1997 Filifin ta yi dokar kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa, a 1998 kuma aka amince wa Tagbanwa da mallakar gadon kakanninsu, fiye da hekta 22,000, kuma har da tekun da ke kewaye, ba tudu kaɗai ba. Tafkuna da yawa ne a tsibirin, amma biyu kawai suka buɗe wa baƙi, Kayangan da Barracuda. Sauran a rufe suke, har da Cabugao wanda ya fi duka girma, domin wurare ne masu tsarki a wurinsu. A kogunan duwatsun nan ne kuma suke hawa ɗebo sheƙar tsattsewa, sana'ar da suka gada.

Da farko na ji ɗan zafi a raina, ba zan ɓoye ba. Na yi doguwar tafiya, ga mafi girman tafkin a bayan dutse, an ce ba shiga. Sai na tuna layin jiya, da reshen da ya karye. Mutanen nan sun ga abin da ƙafafunmu ke yi, sun ba mu biyu sun riƙe sauran, kuma ni dai ban ga wanda ya isa ya ce sun yi rowa ba.

Barracuda ba mu daɗe ba, don abin mamakinsa na masu nutso ne: a sama ruwan yana wajen digiri 28, in aka nutsa ƙasa sai ya kai kusan 38. Irin wannan na ɗanɗana a tagwayen tafkunan teku da ake kira Twin Lagoon, inda ake ratsa wata 'yar kafa a ƙarƙashin dutse idan ruwa ya janye, in ya cika kuma a hau tsani. A ciki, kafaɗuna suna jin sanyi, ƙafafuna suna cikin ɗumi, kuma inda ruwan biyu suka haɗu sai gani ya dushe kamar an zuba mai.

Rana ta uku muka nufi yamma, wajen tsibirin Lusong. Ranar 24 ga Satumba 1944 jiragen saman yaƙin Amurka sun afka wa jiragen ruwan Japan da suka ɓuya a wannan yanki, suka nutsar da su. Manyan, irin su Irako da Akitsushima da Okikawa Maru, suna can ƙasa sai mai tukunyar iska. Amma akwai wani ƙarami a Lusong wanda ke kwance a ruwa marar zurfi, har idan teku ta janye gefensa kan leƙo waje. Na riƙe tayar kuya muka bi ta kansa. Ƙarfen ya ɓace ƙarƙashin murjani, sai siffar jirgi kawai ta rage, kifaye na shiga ta wata kafa suna fita ta wata. Na tuna cewa mutane ne suka kwana suka tashi a cikin wannan abu, wasu samari da iyayensu ke jiran su. Da na hau jirgi na daɗe ban yi magana ba, sauran ma haka.

Muka tsaya a wani ɗan bakin teku mai farin rairayi, irin wanda kifin nan mai bakin aku ke taimakawa wajen niƙawa, muka zauna a inuwa har zafin rana ya karye.

A hanyar komawa gari na roƙi kuya ya bi da mu ta gefen tsibirin Coron. Ya rage gudun inji. Rana ta yi ƙasa, duwatsun sun koma ja-ja, tsattsewa na ta kai-komo a bakin koguna. A gindin wani dutse akwai 'yar bukka a kan turaku, da ƙaramin kwale-kwale ɗaure, wata mata na shanya kaya. Na tambaye shi ta ina Cabugao yake. Bai ɗaga hannu daga sitiyari ba, ya turo leɓe wajen wata katangar dutse da ba ta da ko alamar hanya, ya ce can baya. Na bi dutsen da kallo har muka sha kwana, fitilun gari suka fara bayyana.