Littattafan da muka kai Maraɗi

Mu goma sha ɗaya ne 'yan adashi a unguwarmu a Katsina. A 2021 ƙanwar mijina da ke aure a Gidan Rumji, a Nijar, ta zo biki, ta ba mu labarin yaran Sabon Birni da Isa da 'yan bindiga suka koro da iyayensu zuwa jihar Maraɗi tun 2019. A watan Nuwamba na shekarar kuma gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Abin ya tsaya mana a rai. Muka ce kowane kwasa za a cire wani abu, mu ɗauki nauyin karatun yara goma sha biyu a wani ƙauye da aka tsugunar da 'yan gudun hijira.

Ni aka ba sayayya, ni kuma na yi abin kunyar. Na cika buhu biyu da jakunkuna masu hoto da littattafan koyon Turanci, muka bi ta Jibiya da Ɗan Isa ina ta jin kaina. Mushen lakwal ɗin, wato malamin makarantar, ya ɗaga littafi ɗaya, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma mu nan da Faransanci muke karatu."

Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya ja ni bakin ajin, rumfar kara ce, yara na zaune a kan buhunan siminti. Ya ce in dawo da hantsi in ƙirga su. Na dawo, kusan rabi sun watse: wasu sun tafi ɗiban ruwa, wasu itace, wata yarinya ta kwanta a gindin bedi don tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Kunu malamin yake so, da alli, da kaye, wato littafin rubutu, da takardar haihuwa ga waɗanda tasu ta ƙone da gidajensu. Ko ɗaya ban kawo ba, don ban tambaya ba.

Daga nan muka koma sayen gero da kaka, tiya-tiya, wasu iyaye mata biyu suna dama kunun ana ba su ɗan hasafi.

Kuskure na biyu sai 2023 ya bayyana. Alkawarinmu da naira muka yi shi, kashewa kuwa da sefa ake yi. Naira ta faɗi, aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe iyaka har Maris na 2024. Abin da ke ciyar da goma sha biyu ya koma ba ya isar bakwai, mutum uku kuma suka fita daga adashin. Ban ga laifinsu ba, gidajensu ma tukunya ta yi sanyi.

Yanzu da jakar sefa muke ƙayyade abin da za mu bayar, kuma zangon karatu ɗaya kawai muke alkawari. Littattafan Turancin suna nan a ɗakina, jikokina ke yaga su.