Kafin ka biya kuɗin taya, duƙa ka karanta gefenta

'Yan uwa masu tuƙi a nan Jidda da Makka, musamman masu kai fasinja Madina, dan Allah in za ku sayi taya ku dinga duƙawa kuna karanta rubutun da ke gefenta. Kwanaki na raka ɗan yayata banshar, wato shagon taya, zai sauya tayoyin gaba, mai shago ya mirgino guda biyu baƙi wulik ko ƙasa basu taɓa takawa ba, yaro har ya ciro kuɗi. Nace tsaya tukun. Na goge ƙurar da yatsa na nemo inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe 1421. Yace Kawu menene wannan? Nace sati na 14 a shekarar 2021 aka yi ta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara. Tayar ta daɗe tana kwance a sito, kuma roba ko ba a hau ta ba tsufa take tana bushewa, balle a zafin ƙasar nan. Muka sa ya kawo wata.

Wannan rubutun dokar gwamnatin Amurka ce ta wajabta shi, DOT ɗin ma'aikatar sufurinsu ce. Kuma mu nan bai kamata mu yi wasa da shi ba, don a 1999 kamfanin Ford ya sauya tayoyin Firestone na motocin Explorer a nan Saudiyya saboda bayan tayar na ɓarewa ana cikin gudu, sai a 2000 aka janye taya miliyan 6.5 a Amurka, majalisarsu ta yi dokar TREAD a shekarar, ta ƙara sa ido kan lafiyar tayoyi da motoci.

Bayan kwanan wata, abin da nafi dubawa shine harafin jure zafi, A ko B ko C. A ce tafi ƙarfi. Ni gaskiya hanyar Hijira, ta Makka zuwa Madina, da rana tsaka, kwalta kamar kasko, mota cike da alhazai da jakunkuna da jarkokin zamzam, bana yarda da C ko nawa aka rage min, rayukan mutane ne a bayana wallahi. Akwai kuma na kama birki a jiƙaƙƙen titi, daga AA zuwa C, wannan ban cika damuwa da shi ba tunda ruwan namu ba yawa, amma ranar da aka yi shi a Jidda kowa ya san yadda titi ke santsi.

Sai lambar kaya da gudu, misali 91V, wato kowace taya kilo 615 take ɗauka, V kuma kilomita 240 a awa. Kar ka yarda a sa maka wadda lambarta bata kai ta asalin motar ba, masu Hiace da H1 ku kula da wannan sosai.

Maganar iska kuma, lambar da ke jikin taya iyakar abin da zata ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Buɗe ƙofar direba akwai sitika a jikin ƙarfen, ita ce ke faɗin iskar da motarka ke so. Ni da safe nake aunawa kafin taya ta ɗau zafi, har da safaya, kuma in na tsaya a hanya naga geji ya ɗan hau bana rage iskar, zafi ne ya ɗaga ta.