Ni da waƙoƙin Baba a kwamfuta

Jiya na kwashe tsofaffin waƙoƙin Baba daga memori zuwa kwamfutar tebur, sai neman manhajar kunna su ya zame mini aiki. Wadda na fara saukewa talla ce ta cika ta maƙil, kamar kasuwa ranar jajibere. Na goge ta.

Manhajar VLC kam ba ta ƙin fayil, nau'in fayil ɗin sauti na MP3 ko na FLAC duk haɗiyewa take, amma na bar wa bidiyo ita. A kan wata manhaja mai suna foobar2000 na tsaya. Fuskarta ba kwalliya ko kaɗan, sai dai ba ta da nauyi, kuma a zama ɗaya na gyara sunayen waƙoƙin da duk aka rubuta wa "Track 01".

Baba dai daga tabarma ya ce in ƙara murya, wai kalangun ba ya fita.