Hasken da ke gudu a allon shago

Sana'ata haɗa fitilun ado na allunan shaguna, irin waɗanda za ka ga haske na zagaye gefen allo kamar ana korar sa. A gaskiya ba abin da ke motsi a wurin. Ƙwayaye ne a jere, wannan ya kama, wancan ya mutu.

Ƙanena mai karatun ilimin halayyar ɗan Adam ne ya ba ni labarin Max Wertheimer, wanda ya yi nazarin wannan abu a birnin Frankfurt na Jamus, ya wallafa sakamakon a 1912. Abokan aikinsa Wolfgang Köhler da Kurt Koffka ne suka zauna suna kallo, kuma daga nan mazhabar Gestalt, wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam, ta samo tushe. Na ce bari in gani da idona.

Na kafa ƙwan LED biyu a kan katako, tsakaninsu faɗin tafin hannu, na haɗa su da Arduino, wata ƙaramar na'ura da ake rubuta wa umarnin kunnawa da kashewa, na kashe wutar ɗaki. Da na sa tazarar milisakan 200 (kashi ɗaya cikin biyar na sakan) tsakanin kamawarsu, sai na ga na hagu ya kama, sannan na dama, kowa da nasa. Na rage zuwa 30, suka zama kamar tare suke kamawa. Amma a wajen 60 abin ya ba ni mamaki: haske ɗaya tak ke tsallakawa daga nan zuwa can, har ina ganin wucewarsa a kan busasshen katakon da babu ko waya. Na san ƙarya ce, ni na rubuta lambobin, amma ido ya ƙi yarda da ni.

Da na nisanta ƙwayayen, motsin ya watse, sai da na ƙara lokaci ya dawo. Ashe Adolf Korte ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1915. Shi ya sa yanzu ba na saita allo a kan benci, tunda daga nesa tazarar ƙwayayen kan ragu a ido. Nakan tsallaka titi, inda masu wucewa za su gan shi, yaron shago yana juya saurin ina ɗaga masa hannu.

Wani mai shagon atamfa ya nace in yi masa layi biyu kawai, wato rukunin ƙwayaye biyu masu kamawa bi da bi, wai don sauƙin kuɗi. Na ce, "Alhaji, layi biyu ba ya nuna alkibla, wani zai ga hasken na tafiya dama, wani hagu. Sai an yi uku." Bai yarda ba sai da na kunna masa, shi da ɗansa suka hau gardamar inda hasken ya nufa. Ya biya kuɗin na uku.