Romon tsakar dare, daga Istanbul zuwa tukunyar Baba mai langaɓu

Jiya da daddare a majalisarmu aka ɗauko musun wane abinci ne ya fi kowanne daɗi a duniya, kuma wallahi har sha biyu ta gota ba a tashi ba. Wani ya ce dafa-dukar Sanagal mai kifi, wani ya ce mandin da ya ci a Jidda, wani kuma ya zaro waya ya karanto mana cewa a 2011 CNN ta sa masu karatunta sun kaɗa ƙuri'a, wanda ya zo na ɗaya shi ne rendang na ƙasar Indunusiya. Na taɓa cinsa a wani gidan abincin 'yan Indunusiya a Makka. Naman sa ne ake dafawa cikin madarar kwakwa da citta da tafarnuwa da barkono, a bar shi kan wuta awanni har ruwan ya tsotse naman ya yi baƙi-baƙi, kuma mutanen Minangkabau na tsibirin Sumatra da suka ƙirƙiro shi guzurin tafiya suke yi da shi don ba ya saurin lalacewa, kamar dai yadda muke da dambun nama. Yana da daɗi, ba ƙarya. Amma da aka zo kaina na ce ni fa romo ne, romon kai da ƙafa ko na kayan ciki, mai zafi, wanda aka sha jiki a gajiye cikin dare ko da sassafe.

Abin da ya tabbatar min da haka a Istanbul ya faru. Na je sarin kaya a Laleli cikin watan Janairu, sanyin da yake ratsa ƙashi, mun yini muna ɗaure dila a wajen masu kago, wato masu jigilar kaya, ba mu gama ba sai wajen biyun dare, ga yunwa kamar an yi min sata a ciki. Sai Baturken da nake sari a shagonsa ya ja ni wani ɗan ƙaramin shago da tururi ya rufe gilasansa, ya ce a kawo mana ishkembe. Da aka dire kwanon na duba sai na ga ashe tumbi ne, tumbin da muka sani, an yanka shi ƙanana cikin farin romo mai ɗan kauri, a gefe ga tafarnuwa dakakkiya cikin ruwan khal, ga barkono, ga lemun tsami, ga burodi. Cokali uku na yi na ji gumi ya tsattsafo min a goshi, yatsuna da suka sandare suka saki.

Da na ɗago kai na lura rabin mutanen da ke wurin idonsu ja ne, wasu maganarsu ma a karye take. Abokin nawa ya ce ai daga mashaya suke, a ƙasarsu wanda ya sha giya da dare nan yake ƙarewa kafin ya je gida, shi ya sa irin waɗannan shagunan suke kwana a buɗe. Ni ban taɓa sha ba, addinina ya hana, kuma na ga abin da ta yi wa wasu gidaje da idona, don haka ba na ɗaukar maganarta da wasa. Amma abin ya tsaya min a rai, cewa abincin da mashayi yake nema a can shi ne dai wanda mu muke ba mai jego da marar lafiya da wanda ya kwana kan hanya.

Tun daga nan na fara bin diddigi, sai na ga abin ya zaga duniya. A Koriya suna da hejangguk, sunan ma kansa yana nufin miyar warware gajiyar maye, romon ƙashin sa ne da kabeji da tsiron wake, wani nau'in har da daskararren jini suke sawa, wanda wannan kam ba namu ba ne. A Meziko akwai menudo, tumbi da jan barkono da surfaffiyar masara, a matsa lemun tsami a barbaɗa albasa, an fi shansa da safiyar Lahadi bayan an kwana biki. Turkawan nan kuma bayan ishkembe suna da kelle paca, wato kai da ƙafa sak, Iraniyawa ma suna da shi da kusan suna ɗaya kuma tun kafin asuba masu sayarwa suke buɗewa. Misira da Sudan su ce kawari, Pakistan da Indiya su ce paya, sannan ga nihari, wani romon nama nasu, da sunansa ya fito daga kalmar Larabci nahar, don da safe ake ci bayan ya kwana yana dahuwa. Ka ga waɗannan na ƙarshe yawancin masu cinsu ba ruwansu da giya, masallaci suke fitowa su wuce wajen mai romo. Ko a nan Kano, shiga Sabon Gari da dare ka ga yadda ake cinikin farfesun akuya da isi ewu, wato kan akuya, na Inyamurai.

Dalilin ba boyayye ba ne. Giya tana sa yawan fitsari, jiki ya rasa ruwa da gishiri, shi kuma romo ruwa ne da gishiri da ɗumi, to dole mutum ya ji ya ɗan dawo hayyacinsa, duk da cewa ba ya cire komai daga jini, wannan aikin hanta ne kuma sai ta ɗauki lokacinta. Irin wannan rashin ruwan da gishirin shi ne ke samun direban da ya taso daga Legas, da manomin da ya yini a rana, da matar da ta haihu. Shi ya sa iyayenmu suka san ƙauri tun kafin wani likita ya yi bayani, ƙafafun saniya a dafa su da kayan yaji a ba mai jego, a raba wa dangi da maƙwabta.

Kuma daɗin nan da ke kama harshe yana da asali. A 1908 wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romon ciyawar teku ɗanɗanonsa, ya kira ɗanɗanon umami, daga nan aka fara yin Ajinomoto da muke ce wa farin magi. Sinadarin nan yana cikin nama da aka daɗe ana dafawa, yana kuma cikin daddawa, wato kakanninmu da kalwa suka kai inda shi ya kai da ɗakin gwaji. Shi kuma danƙon da ke manne maka leɓe daga jijiya da ganda da guringuntsi yake narkowa, shi ya sa in romon ƙafa ya kwana ya huce za ka tarar ya daskare yana rawa a tukunya.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana sayar da langaɓu a bakin titi, tun ina ɗan sakandare nake zuwa. Tun la'asar yake babbake kawunan da ƙafafun, ya kankare su da wuƙa har su yi fari-fari, ya wanke ruwa uku, ya ɗora a tukunya kan icce. Citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, attaruhu, albasa, daddawa, shikenan, ba ya sa tumatir ko ɗaya don ya ce yana kashe ƙamshin. Ba ya buɗe ciniki sai bayan isha'i, in ka matsa masa ya ce bai nuna ba kuma ba zai ba ka ba ko nawa za ka biya.

Da muka tashi daga musun jiya can na nufa, iskar hunturu tana kaɗawa, 'yan adaidaita biyu da wani mai gadi suna zaune kan benci kowa ya duƙufa a kwanonsa. Na ce, "Baba, barka da dare, Allah Ya sa ban makara ba." Ya ce, "Ɗana, kai da ka san hannu? Na ajiye maka harshe da ƙafa ɗaya." Ya tsoma ludayi can ƙasan tukunya inda romon ya fi kauri, ya zubo, ya miƙo min gurasa biyu da ɗan yaji a takarda. Naman yana sulluɓewa daga ƙashi tun kafin na taɓa shi. Na bubbuga ƙashin a bakin kwano ɓargon ya zubo, na gutsuri gurasa na dangwala, sannan na ce ya ƙulla min romo a leda na kai wa Hajiya, don tun shekaranjiya mura take damunta.